Dalilin Da Ya Sa Baba Yake Cizon Komonsa

Shekarun baya, tun Turawa ba su tattara nasu ya nasu sun tafi ba, lokacin da kuɗin gyaɗa ya fara kawo kekuna ƙauyukanmu, ni saurayi ne mai kiɗan garaya a yankin Kiru. Na ce mai kiɗa ne don in fita kunya, amma gaskiya hayaniyata ta fi kiɗana yawa. Mahaifiyata takan ce duk ranar da na ɗauki garaya a gida, kajinta ba sa yin ƙwai.

Ranar kasuwa akwai wani gindin durumi da muke taruwa, mu masu garaya na ƙauyukan kewaye. Ba kiɗa ke kai mu ba, surutu ne. Wannan ya ce fatar gada ta fi ta akuya ɗaukar murya, wancan ya ce ƙarya ne, aikin yana ga mai ɗaurin fatar. Wani ya ba da labarin bikin da ya je Ba'awa da damina, fata ta yi sanyi ta saki, sai da ya roƙi garwashi wajen mai tuyan ƙosai ya gasa ta kafin ta yi magana. Wani kuma ya je suna Ɗansoshiya ya kaɗa har yatsunsa suka kumbura, aka sallame shi da zakara mai ido ɗaya. Haka za mu yi ta yi, garaya na yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na kushe ta ɗan'uwansa, har kasuwa ta watse.

Babbanmu a wurin wani dattijo ne da muke kira Baba, ko da yake ba wanda ya haifa a cikinmu. Shi komo yake kaɗawa, wato babbar garaya ta mafarauta, mai kaurin murya. In ya taɓa babbar tsirkiyar, a ƙirji kake fara jin ta kafin ta iso kunnenka. Tun kafin a haife ni shi ke yi wa mafarauta kiɗa a taron da suke yi bayan kaka, can wajen Doguwa a bakin daji. Ba shi da gona ta kirki, ba shi da wata sana'a. Wannan taron shi ne sunansa, shi ne kuma abin da yake ci har shekara ta zagayo.

Baba ba shi da yawan magana. Kullum yakan jingina bayansa da durumin, yadda kowa zai kasance a gabansa. In ka durƙusa ka gaishe shi, zai amsa maka tiryan-tiryan, lafiya lau, ba gajiya, iyali lafiya, sai alheri. In musu ya yi zafi aka ce Baba ya raba gardama, sai ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya ce, "To, madalla." Mu kuwa mu ce ka ji manya, ba sa shiga shirme.

Sai dai akwai wani abu da yake yi wanda ya tsaya mana a rai. Duk lokacin da zai gyara murya, sai ya ɗaga komon ya sa bakin gorar, wato sandar da ake ɗaure tsirkiya a jikinta, a tsakanin haƙoransa, ya ciza, sannan ya taɓa tsirkiya yana jan ɗaurin fatar da ke riƙe da ita. In ya sauke, murya ta zauna daram. Muka yanke hukunci cewa asiri ne, wata addu'a yake tofawa a ciki. Abokina, wanda Baba ne ya ba shi garayarsa ta farko, ya taɓa yin ƙarfin hali ya tambaye shi, kansa a sunkuye don ladabi. Baba ya ce, "To, madalla." Muka ce lallai abin babba ne, ba a faɗa.

Tunda ba a faɗa, sai muka koma kwaikwayo. Duk saurayin da ke kiɗa a yankin nan sai ka gan shi da gora a baki kafin ya fara. Ni har lumshe ido nake yi ina motsa leɓe, don a ɗauka ni ma an ba ni. Akwai ranar da na ciza da ƙarfi a gaban 'yammata, sartse ya shige mini dasashi, na kwana biyu ba na iya cin tuwo da zafi.

A wannan shekarar ne labari ya zo gindin durumi cewa wani matashi daga wajen Tudun Wada ya cire tsirkiyar jijiya ya ɗaura waya, irin ta birkin keke, kuma ƙarar garayarsa tana kaiwa bayan gari. Aka ce samarin mafarauta sun fara yi wa sarkin baka, wato shugabansu, famfo a kan ya sauke Baba ya ɗauko mai waya, wai komon tsoho ba ya tashi sama. Hankalinmu ya tashi, amma na abokina ya fi na kowa. Ya bi motar gyaɗa zuwa Kano, ya dawo da waya a naɗe cikin tsumma daga wajen wani mai gyaran keke. Ya ɗaura wa tasa garayar, muka yi ta karɓa muna gwadawa muna salati. Da ta zo hannun Baba, ya ciza, ya taɓa, ya miƙa masa abarsa.

"Wannan ba ta da ciki," in ji shi.

Muka yi dariya. Abokina ya raɗa mini cewa tsufa ne kawai, tsoho ba ya son sabon abu.

A al'adarmu babba ba ya ɗaukar kayan kiɗansa. Na ƙasa da shi ne ke saɓa jakar su yi gaba, shi ya biyo baya a kan jaki, kuma ba mai buɗe jakar nan sai mai ita. Da lokacin taro ya yi, abokina ya ɗauki komon, ni na ɗauki butocin duma masu tsakuwa a ciki da ake kaɗa masa. Mun yada zango a Tudun Wada, na shiga gari gaida gwaggona, na bar shi a inuwa da kaya. Da na dawo na tarar yana ta murmushi shi kaɗai. Na ce lafiya? Ya ce, "Kai dai bari, bana ba mai ture Baba." Ban kawo komai a raina ba.

Ranar taro da hantsi fili ya cika. Mafarauta sun zo da karnuka da kwari da baka, wasu da bindigar toka, rigunansu duk layu. Mai wayar nan ma yana gefe da garayarsa a cinya, yana jiran a sauke Baba. Baba ya sauka daga jaki, ya gaisa da sarkin baka, ya zauna a kan buzu, mu masu buta muka zauna a bayansa. Ya kwance bakin jaka ya zaro komon.

Ina ganin tsirkiyoyin suna ƙyalli a rana, na gane waya ce. Baba ya daɗe yana kallonsu. Abokina ya zagayo ya durƙusa a gabansa, bakinsa har kunne.

"Baba, gyara na yi maka. Yau har Kano sai sun ji ka."

Baba ya kalle shi, ya kalli jama'a. Mafarauta sun riga sun miƙe, sarkin baka ya ɗaga hannu a fara. Baba ya sa gorar a baki ya ciza, ya taɓa, ya sake cizawa. Ban taɓa ganin ya daɗe haka a gyaran murya ba. Daga ƙarshe ya sauke ya fara.

Da farko abin ya tafi daidai, ƙara kuwa ta tashi, abokina yana ta zungurina da gwiwar hannu. Amma waya santsi gare ta, ɗaurin fata ba ya riƙe ta yadda yake riƙe jijiya. Kaɗan-kaɗan ta fara zamewa. Murya ta karkace, ta ƙara karkacewa, har taken sarkin baka da kowa ya sani ya koma wani abu mai kama da kukan tsohuwar ƙofa. Ko yaron da ya fara koyo jiya zai tsaya ya gyara. Baba bai tsaya ba. Ya lumshe ido yadda yake yi in kiɗa ya yi masa daɗi, yatsunsa na tafiya daidai inda suka saba, kansa na rausaya.

Muka daina kaɗa buta. Masu rawa suka tsaya. Sarkin baka, wanda rawa ta kai shi ta bayan Baba, ya ce, "Mai komo, dakata ka gyara." Baba ya ci gaba. Sarkin baka ya sake faɗa da ƙarfi. Ya matso har kusa da ƙeyarsa ya daka tsawar da ta sa karnuka suka hau haushi. Ko gezau Baba bai yi ba, yana ta kiɗansa shi kaɗai a tsakiyar fili, da ɗan murmushi a fuskarsa.

Sai wani tsohon maharbi ya ce a hankali, "Innalillahi. Wallahi mutumin nan ba ya ji."

Na rantse muku ban taɓa kaɗuwa irin ta ranar nan ba. Nan take komai ya dawo mini, jinginar nan da durumi, gaisuwar da ba ta taɓa sauya tsari, "to, madalla" ɗin nan. Shekara da shekaru muna zaune da mutum, muna musu a kan wa ya fi wani kunne, ba wanda ya gane babbanmu kurma ne.

Baba ya buɗe ido ya ga fuskokin mutane. Hannunsa ya tsaya. Ya sa gorar a baki ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Ta saki ko?" ya tambaya.

Ya juya ga abokina ya ce, "Ɗana, ina tawa?" Abokina ya cire hula ya fito da tsofaffin tsirkiyoyin da ya naɗe a ciki. A gaban kowa Baba ya kwance wayar ya mayar da jijiyarsa, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sarkin baka, wanda ya zagayo gabansa.

"Sarki, tun sanƙarau da na yi kunnena ya tafi. Da haƙori nake jin ta. Jijiya tana magana da ƙashina, na san nauyinta a yatsa ko ido rufe. Wannan ƙarfen ban san shi ba. In ka ce in tashi, sai in tashi."

Sarkin baka ya nuna komon da hannu, alamar a kaɗa. Baba ya ciza, ya ja, ya sauke, ya taɓa babbar tsirkiyar. Na ji ta a ƙirjina. Ranar mafarauta sun yi rawa har ƙura ta rufe rana, mai waya kuwa ban ga lokacin da ya sulale ba. Da aka tashi, sarkin baka ya faɗa a bainar jama'a cewa muddin yana raye ba mai yi musu kiɗa sai Baba. Muka dawo gida muna murna, mun ɗauka magana ta ƙare.

Ina isa na zayyana wa mahaifiyata, ina jiran ta riƙe baki. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba.

"Sai yanzu kuka sani? Mu da muke yi masa sannu ta baya a hanyar rijiya ai mun daɗe da ganewa. Sai mu zagaya ta gabansa mu gaishe shi, shi ke nan. Mene ne na faɗa?"

Wannan ma ta girgiza ni, amma ban fahimci abin da take nufi ba sai da kasuwa ta zagayo. Baba na zama a gindin durumi muka yi masa caa. Kowa na ɗaga murya, ana wage baki, ana yi masa nuni da hannu kamar ƙaramin yaro. Musun fata da tsirkiya ya mutu, don kowa na jin nauyin yin hira a gabansa. Mu a ganinmu kulawa ce. Ya jure kasuwa biyu ko uku. Rannan na durƙusa ina kwarara masa "ina kwana" har jijiyar wuyana ta fito, sai ya dafa kafaɗata.

"Yaro, da ba ku sani ba, ina zaune cikinku kamar kowa. Yanzu duk wanda ya buɗe baki sai ya tuna mini."

Daga ranar bai sake zuwa durumi ba. Da kaka ta zagayo sarkin baka ya aiko, Baba ya ce a ba shi haƙuri, ba zai iya zama a fili ana kallon kunnensa maimakon hannunsa ba. Ya kira abokina ya miƙa masa komon a cikin jakarsa, ya ce ya je ya riƙe wurin, kada dai ya sa mata waya. Abokina ya yi kuka kamar ransa zai fita. Shi ya yi wa mafarauta kiɗa har ya tsufa, kuma ban ƙara ganin ya taɓa waya ba, ko a tasa garayar.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Matashin Tudun Wada bai iya ture Baba ba, wayar ma ba ta ture shi ba. Mu da muke son sa ne muka tashe shi da tausayinmu, alhali matan gari sun rufa masa asiri shekaru ba tare da sun ce uffan ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya da baƙin ciki sun taso mini tare.

Yanzu ni ma kunnen ya yi nauyi. Jikokina in za su yi mini magana sai sun yi ihu, ina ganin bakinsu na wagewa, ina cewa "to, madalla." Kwanakin baya na sa aka sauko mini da tsohuwar garayata daga rataye. Na taɓa, ban ji komai ba. Sai na ɗaga ta na sa gorar tsakanin 'yan haƙoran da suka rage mini, na ciza, na sake taɓawa. Muryar ta bi ta muƙamuƙina ta cika mini kai, tas, kamar ina saurayi. Na yi shekaru ina cizon garaya don burga, sai ranar na ji abin da Baba yake ji. Ina zaune da ita a baki hawaye na zuba, jikata ta leƙo ta tambaya ko yunwa nake ji.