Jan Layi da Koren Layi

Ja-da-Kore yara suke kiranta a bayan ido, ta sani kuma ko a jikinta. Malamar aji huɗu ce, gajera, ga faɗa kamar ta ari baki, ta tsufa da alli a hannu. Duk wanda ya bi ta ajinta ya haddace dokarta: in ka karanta bayani, ka ja wa matsala jan layi, mafita kuma kore.

Littafin karatun ne ba ya burge ta. Wai cunkoson jiragen ruwa a tasha, ga yaron da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba! Shi ya sa da kanta take rubuta musu darasi, daga abin da idonta ya gani a hanya. Mijinta har tsokanarta yake: "Ke dai kowa ya yi tari a unguwar nan, gobe yana kan allo."

A lungun da take bi zuwa makaranta akwai wata mai wankau da ke kwararo ruwan sabulu waje. Santsi ya taɓa kayar da Malama, ita ce ma ta zuga maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gidan haya, ya hana wanki a gidan. Lungu ya bushe, Malama ta samu darasi. Ta rubuta shi tsaf, ta raba wa yara.

Wata yarinya mai wushirya, da ba ta cika magana ba, ita ta fara gamawa. Ta ja wa "mai wankau tana zubar da ruwa" jan layi, ta ja wa "an hana ta wanki" kore. Goma bisa goma. Malama ta tsayar da ita gaban aji, ta ce a tafa mata.

Da aka fita tara sai ta jiyo yara suna waƙa a bakin famfo: "'Yar matsala! 'Yar matsala!"

Ta damƙo ɗaya. "Kai, wa kuke yi wa?"

"Malama, ai mamarta ce mai wankau ɗin."

Innalillahi! Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ta sa yarinya ta ja wa rasa abincin gidansu koren layi, har da tafi. Washegari bencin yarinyar wayam, jibi ma haka. Malama ta san in ba ta je ba, yarinyar nan ta bar ajinta ke nan.

Bayan an tashi ta shiga lungun har cikin gidan, tana ta jera ban haƙuri a ranta. Igiyoyin shanya babu ko tsumma, an kife baho uku a jikin bango. Mai wankau ta taso da murna, ta goge kujera da gefen zaninta.

"Lale, Malama da kanki? Wallahi fama nake da yarinyar nan, wai ciwon kai. Ki zauna mana."

Yarinyar tana bakin ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa. Malama ta buɗe baki ke nan, matar ta shige ciki ta fito da takardar darasin, an sa ta a leda don kada ta yi datti.

"Kin gani? Duk ta cinye! Tun da aiki ya tsaya ban yi farin ciki irin wannan ba. Ni ban yi karatu ba, na yi na yi ta karanta min, ja'ira ta ƙi." Ta miƙa mata hannu biyu. "Don Allah, Malama, karanta min in ji abin da 'yata ta iya."