Garin ciyawar teku a kokon Baba

Shekarun baya, lokacin da aka rufe makarantu saboda annoba, kawuna da ke lodin kaya a Legas ya aiko wa mahaifina wani gari a leda. Ya ce na ciyawar teku ne, yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Kullum safiya Baba ya zuba cokali biyu a koko, kokon ya yi yauƙi. Inna tana tsokanarsa: "Malam, wannan koko ne ko miyar karkashi?"

Ni kuwa idona yana kan abin da ba a aike ni ba. Asuwakinsa ya fara yin ja. Ƙaya ta soke shi a gona da hantsi, har la'asar tsumman da ya ɗaure yana jiƙe. Na kuma san tun da ƙafarsa ta kumbura yake shan ƙwayar asibiti mai tsinka jini. Amma ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya faɗa. Kwana uku ina zagayen ƙofar ɗakinsa da tsintsiya, ina share wurin da na riga na share.

Ana haka wanzami ya zo yi masa ƙaho, kamar yadda ya saba gab da damina. Aka tsaga, aka ja, aka cire ƙahon, jini ya ƙi tsayawa. Wanzamin ya shafa garin magani har sau uku.

Da muka kai shi asibitin Bagwai, likita ta tambaya: "Baba, bayan ƙwayarmu kana shan wani magani?"

"Babu," in ji shi. A wurinsa abin da aka zuba a koko abinci ne.

Sai na ji muryata ta fito: "Akwai garin teku." Na zaro ledar daga cikin hijabina, inda na ɓoye ta da za mu fito daga gida.

Likitar ta juya ta, ta ce yauƙin nan wani irin sukari ne mai dogon zare. Yadda zaren ya ginu shi ke sa wani irinsa ya zaburar da garkuwar jiki, wani irin kuma ya hana jini daskarewa. "Ga ƙwaya, ga wannan, ga aska. Allah ne ya tsare."

Bayan kwana biyu aka sallame shi. A hanya ya dubi Inna, ba ni ba, ya ce: "Yarinyar nan taki tana da ido."

Har yau in na tuna sai in kasa zama wuri ɗaya. Ido dai ina da shi tun ranar farko. Baki ne ya makara kwana uku.