Neman Gawon Tanko

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da baffana da wani taubashina, muka nufi Magarya. Abin da ya fitar da mu wasiyyar kakanmu ce, wadda ya rubuta da ajami, aka tsince ta bana cikin gafakarsa sa'ad da ake gyaran ɗakin da damina ta rushe. A ciki ya ambaci wata gona tasa a Gawon Tanko, gabas da Rijiyar Ɗan Baƙo, kan hanyar Dungas, ya ce ta ƙanwarsa ce da zuriyarta. Duk gidanmu babu wanda ya taɓa jin sunayen nan. Babana kuwa yana kwance, ƙafa ta ƙi, ya ce ba ya son ya koma ga Allah saƙon mahaifinsa bai isa ba.

Hanyar Magarya ba laifi, kwalta ce, sai dai ramuka nan da can. Lokacin kaka ne, ko'ina damman gero a jingine, mata na roron wake. A tasha muka sha shayi da burodi, taubashina ya sayi rake har ya rasa hannun riƙe jaka. Shi dai tun a mota yake cewa ƙila gonar fadama ce, a bar masa ko gefe guda. Na ce masa mutumin da ko fartanya bai iya riƙewa ba, rake ma a yanke yake sayensa.

Muka fara da meri, wato ofishin magajin gari. Ma'aikacin ya karɓe mu hannu biyu, ya shimfiɗa taswira, muka bi ta da yatsa har idona ya yi ja. Babu Gawon Tanko, babu rijiyar. Ya ce ƙauyukan nan suna tashi in rijiya ta ƙafe, wani kuma in an yi sabon mai gari sai sunan ya bi shi. Ya ba mu shawara mu nemi tsofaffi ranar kasuwar Dungas.

Daga nan sai kabu-kabu. Masu babur suka tsawwala kuɗi, wai esans, wato man fetur, ya yi tsada, muka yi ciniki har muka gaji muka hau. Rairayi ne zalla, babur na rawa, baffana na salati a bayan direba. Aka yi dace ran nan kasuwar Dungas ke ci. Mun isa rana ta take, muka jiƙa maƙoshi da fura mai nono, irin wadda ba a cika mata ruwa ba. Tsofaffin da ke rumfar masu igiya suka yi ta gardama a kanmu. Wani ya ce wajen Mallawa ne, wani ya rantse Dogo-Dogo ne. Gaskiya a nan raina ya ɓaci, na fara tunanin abin da zan faɗa wa babana.

Wata mai sayar da daddawa ce ta tsoma baki. Ta ce ita ba ta san gari ba, amma a ƙauyensu akwai tsohuwa da ake kira Ta Gawon Tanko. Ashe a nan, in aka kawo amarya daga wani gari, dangin miji ba sa kama sunanta saboda kunya, sai su kira ta da sunan garinsu. Garin ya watse tun tuni, sunan ya zauna a kan mace ɗaya.

Da la'asar muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta yi mana maraba, aka kawo ruwa. Amma da baffana ya faɗi sunan kakanmu, sai na ga hannunta ya tsaya, fara'ar ta ɗauke. Ita ɗiyar ƙanwar kakan ce.

Ta ce, "To, kun zo ke nan. Inna ta ce wata rana 'ya'yan kawu za su zo karɓar gonarsu. Ku dai bari yaran su kwashe geron bana."

Baffana ya ce, "Haba Yaya, zauna ki ji abin da kawunki ya ce."

Ya buɗe takardar ya karanta mata a hankali, har inda kakan ya ce kada wani nasa ya taɓa ko taki ɗaya. Ta sa ya maimaita. Sannan ta rufe fuska da gyale ta yi kuka, mu ma ba mu tsira ba. Duk tsawon shekarun nan suna noman gonar da fargaba, ko itace ba su taɓa dasawa ba don suna ganin ta aro ce.

Washegari ta hau amalanken jaki ta kai mu. Gawon ya faɗi da daɗewa, sai kututture. Rijiyar Ɗan Baƙo ta zama ɗan kwari da tumfafiya. Amma gambar da kakanmu ya shuka a kan iyaka tana nan layi guda, kowace shekara tana tohowa. Taubashina bai ƙara zancen gefe guda ba.

Mun dawo gida da ƙullin daddawa da damin gero da ta ce lallai a kai wa ɗan'uwanta. Tafiyar ta koya mini cewa in ana neman tsohon suna a ƙasar nan, a tambayi tsofaffin mata, kuma a yi sauri tun suna nan. Da na shiga ɗakin babana na ba shi labari, bai tambayi girman gonar ba. Ya shafa zangarniyar geron, ya ce, "Ta ji da kunnenta?" Na ce ta ji, har sau biyu. Ya ce alhamdu lillahi, a sussuka wannan a dama masa kunu.