Ranar da Aka Bar Ni Ina Dariya

Ranar da aka binne mahaifina ina wani ƙauye a kan dutse, a gaɓar Bahar Rum, ina washe baki ana ɗaukata hoto. Abokaina biyu da ke tare da ni sun san ya rasu. Ni kaɗai ne ban sani ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Annobar korona ce ta haɗa mu a Doha. Ni da wani ɗan Zariya karatu ya kawo mu. Na ukunmu ɗan Zangon Kumasi ne, yana kula da wani sito a Sana'iyya, unguwar masana'antu, kuma da yake ya girme mu, Yaya muke ce masa. Lokacin da aka kulle gari, shi ke kawo mana shinkafa da wake masaukinmu a Rayyan, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya. Na ɗauke su 'yan'uwa, har na haɗa su da babban wana na gida a waya saboda ko-ta-kwana.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, aka girke manyan jiragen ruwa a tasha, baƙi suna kwana a ciki. Da yamma mukan zauna a Kurnish, wurin shan iska na bakin teku, mu saki baki muna kallonsu. Yaya ya rantse sai mun shiga irinsu. Bayan gasar muka sha fama da biza har muka samu, muka yanki tikitin jirgin yawon Bahar Rum. Baba yana kwance a lokacin. Na tambayi gida ko in fasa tafiyar in zo, aka ce da sauƙi, har ya fara cin tuwo. Na yarda, duk da na san mu mara lafiyarmu kullum da sauƙi yake har a ɗauko likkafani.

Layina ba ya aiki a waje, na Yaya ne kawai ke yi. Da safen da jirgi ya tsaya za mu hau ƙauyen, wayarsa ta yi ƙara. Ya ware gefe ya daɗe, sannan ya kira ɗan Zariya suka yi ƙus-ƙus. Da ya dawo idonsa ya yi ja.

"Yaya, lafiya?" na tambaye shi.

"Iskan ruwa ne, ɗan'uwa. Yalla, mu tafi."

Ƙauyen ya yi kyau, shi ne ma abin haushin. Gidajen dutse, lunguna matsattsu, itatuwan lemo, teku can ƙasa shuɗi shar. Na yi ta zuba surutu, ina tsokanar su wai hawan dutse ya kashe musu baki. Na roƙi Yaya wayarsa in gaida Baba, ya ce kati ya ƙare. Muka shiga wani shagon shayi mai intanet, kafin in haɗa tawa wayar ɗan Zariya ya karɓe ta wai zai ɗauke ni hoto. Da yamma ya ce ta ɓace.

A wani shago na tsaya sayen man zaitun, don Baba na son a shafa masa a gwiwa. Na ɗago kwalba biyu na ce wacce za ta ishe shi? Yaya ya dube ni ido cikin ido.

"Ɗauki babban," ya ce.

Sai da muka dawo Doha suka kai ni Kurnish, suka zaunar da ni, ɗan Zariya ya fito da wayata daga jakarsa. Yaya ya fara da salati da dogon wa'azi, tun nan na san ba lafiya ba. Na ce yaushe? Suka ce ranar ƙauyen. Wana ne ya kira, ya ce kada a gaya mini ina bisa hanya, ba a faɗa wa matafiyi rasuwa.

Na san al'adar, na san tausayi ne. Amma an yi sallar ubana ina dariya, an yi addu'ar uku ina rawa da kai a gidan kiɗan jirgi, su kuwa suna gefe suna kallona kamar mara lafiyan da aka ɓoye wa cutarsa. Na ji na tsane su, na faɗa musu a fuska.

Na kira Inna ina huci, ina kai ƙararsu. Ta bari na gama tas.

"Ni na ce a ɓoye maka," ta ce. "Tunda ka je ƙasar nan ba ka huta ba. Da an faɗa maka me za ka yi a tsakiyar ruwa?"

"Kuka, Inna. Da na yi kukana a ranarsa."

Na yi mata sallama na ajiye waya. Ba a yi wa uwa faɗa.

Da na isa gida an riga an naɗe tabarmin makoki. Masu shigowa sannu da zuwa suke yi mini, wani kawuna har da tambayar yaya yawon buɗe ido. Na zauna a zaure ni kaɗai ina jiran wanda zai fara ce mini yaya haƙuri.