Tarcisio, Mai Bin Ƙanƙara da Shebur

Da zarar hanyar dutse ta buɗe a watan Mayu, duk wanda ya leƙa taga da safe a ƙauyenmu zai ga Tarcisio Rodigari ya kama hawa, shebur a kafaɗa, burodi da cuku a aljihu. Shi ne mai kula da magudanar da ke kawo mana ruwa daga bakin tsohuwar ƙanƙarar kan dutse. Yana bin ta a ƙafa, ya kwashe yashi, ya liƙe inda ta tsage, ya buɗe wa kowace gona ruwa a ranarta. Da ruwan nan ciyawarmu ke tashi, da ciyawar shanu ke cin abinci lokacin sanyi, da nononsu muke yin cuku. Kusan shekara arba'in yana wannan aiki. Bana ya ajiye, don gwiwoyi sun ƙi.

Lokacin da ya karɓi aikin daga hannun mahaifinsa, ƙanƙarar tana dab da bukkar makiyaya, har mata kan jingina man shanu a jikinta don kada ya narke. Sai ta fara ja da baya. Sanyi ya gajarce, zafi ya daɗe, dusar ƙanƙarar da kan rufe ta ta ragu. Kowace shekara sai a tarar da bakin magudana a kan busasshen dutse, ruwan kuwa yana fita can sama. Tarcisio bai jira kowa ba. Ya sari itace, ya fafe shi kamar komin shanu, ya goya ya hau, ya ƙara wa magudanar tsawo. Shekara ta zagayo, ya ƙara wani.

Matarsa Dosolina ba ta raga masa. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Tsohon nan, ƙanƙara na gudunka, kai kana bin ta kamar saurayin da aka ƙi."

"Ita dai ruwa take ba ni," in ji shi. "Ke kuwa sai faɗa."

"Ci tuwon masararka kafin ya huce, ka ji."

Ines Confortola, wadda ke yin cuku a makiyaya tare da mijinta Ermanno, ita ta ba ni labarin abin da ya faru a wata ranar Agusta, shekarar da zafi ya fi tsanani. Da tsakar rana, lokacin da magudana ta fi cika, ruwan ya ɗauke. Tarcisio ya hau ya duba. Ya tarar wani ɓangaren ƙanƙarar ya rufto da duwatsu ya toshe mafita, ruwa na taruwa a baya kamar tafki, toshiyar kuma ta fara tsiyaya. Waya ba ta kamawa a can. Mutumin da ya haura sittin ya sauko da gudu.

"Ines, kwance shanu, ku hau tudu."

"Kawu, madara na kan wuta. In na bar ta, ta lalace."

"Bar ta ta lalace."

Ermanno ya ɗaga kai ya dubi sama. "Gari tas haka, ta ina ruwan zai fito?"

"Tsaya ka tambaye shi in ya iso," in ji Tarcisio, ya riga ya fara korar shanun.

Suka hau. Daga kan tudu waya ta kama, Tarcisio ya kira ƙauye aka kau da mutane daga gada. Kafin la'asar toshiyar ta fashe. Ruwa da laka da duwatsu suka tafi da bukkar, da tukunyar cuku, da gadar, da fiye da rabin magudanar, har da sashen da mahaifinsa ya gina da hannunsa. Ba a rasa mutum ba, ba a rasa saniya ba. Ines ta ce Tarcisio bai yi kuka ba.

Washegari ya koma dutse shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ermanno ne ya fara bin sa. Sannan sauranmu muka biyo, maza da mata, har da fada na cocinmu da ya naɗe hannun riga. Kafin ciyawa ta ƙone, ruwa ya koma gonaki.

Tarcisio, kai ne ka shayar da mu alhali yawancinmu ba mu san inda ruwan ke fitowa ba. Kai ne ka raba shi a shekarun fari, ba ka fifita gonar ƙaninka a kan ta gwauruwar da ba ta da mai yi mata magana ba. Kai ne kuma ka ƙi yi mana ƙarya. A taron ƙauye ka ce, "Jikokina ba za su ga ƙanƙarar nan ba. Mu haƙa tafki mu tare ruwan da ke narkewa da wuri, tun muna da shi." Wasu suka yi gunaguni, amma aka haƙa, kuma shi ya riƙe mu bara.

Mun gode, Kawu. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya ƙara wa Dosolina haƙuri, tunda yanzu wuni za ka riƙa yi a gida.

Ermanno ne ya karɓi aikin, kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kada mu bar shi shi kaɗai kamar yadda muka daɗe muna barin Tarcisio. Duk mai ƙafa ya hau ya taya. In ka sauko, ka biya ta ƙofar Tarcisio. Za ka same shi a kan benci, zai tambaye ka inda ƙanƙarar ta tsaya bana. Ka faɗa masa gaskiya, ba ya so a rage masa.