Ƙwan Doña Lala

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Maris, 2025, Rosaura ta bugo mini waya ta ce mahaifiyarta ta cika. Doña Eulalia Zazueta, wadda duk muka sani da Lala, ta rasu a gidanta da ke nan Tijuana tana da shekara tamanin da shida. Arba'in daga ciki a kicin ɗin gidan abincin Don Fausto ta yi su, inda ni Nicanor nake kai abinci tebur tun ina da gashi a ka.

Lala, mutane za su tuna ki da alheri iri-iri. Ba a taɓa koro wani daga ƙetaren iyaka ya biyo ta ƙofar bayanmu ya tafi da yunwa ba. Wake da waina kike miƙa masa, ki ce, "Ci tukuna, kuka ba ya gudu." Da matata ta kwanta ciwo, wata uku kina aiko da romon kaza, kina cewa ragowa ce, alhali kowa ya san kicin ɗinki ba ya ragowa. Amma ba don in lissafa waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da na riƙe miki, ya kamata in ajiye.

Duk wanda ya tsallako iyaka daga San Diego ya zauna a teburinmu, salak ɗin Don Fausto yake nema. Ni nake turo keken kayan haɗin gaban baƙi, in goga tafarnuwa a akushi, in fasa ƙwai, in matsa lemun tsami, in tsiyaya man zaitun daga sama kamar mai wasan sihiri, in juya latas da cuku. Ina yi ina ba da labari: wai wata rana aka rufe iyaka ba zato, baƙi suka maƙale, nama ya ƙare, sai maigidan ya naɗe hannun riga ya haɗa abin da ya rage. Labarin gaskiya ne, ban da mutum ɗaya. Don Fausto, Allah ya jiƙansa, ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ke kika haɗa shi. Shi ya fito da akushin gaban mutane, domin a wancan zamani mace ba ta fitowa zauren baƙi.

Sirrin kuwa yana ga ƙwan. Ba ɗanye ba ne, ba kuma dafaffe ba. Kina saka shi a tafasasshen ruwa, ki karanta addu'ar "Ubanmu wanda ke Sama" sau biyu, ki tsame. Ya iso hannuna da ɗumi, a naɗe cikin ƙyalle. Na taɓa ce miki, "To ranar da kike sauri fa?" Kika ce, "Wanda yake sauri da Ubangiji, ɗanyen ƙwai zai ci. Ɗauki ka ba ni wuri, sarkin surutu."

Shekarar da salak ɗin ya cika shekara talatin, 'yan talabijin suka zo daga ƙetare. Da safe kika tare ni a bakin kicin, kin sa sabuwar riga shuɗiya a ƙarƙashin ta aiki. Ba ki taɓa roƙona komai ba sai ranar. Kika ce, "Nica, in sun tambaya, ka ambaci sunana ko sau ɗaya. Rosaura za ta kalla daga Fresno, can ƙetare." Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne."

Aka kunna fitilu. Matar da ke tambaya ta ɗaga ƙwan ta ce, "Minti nawa ake dafa shi?" Ga ƙofar ambaton sunanki a buɗe, sai in shiga kawai. Amma ɗan maigida yana tsaye a gefe yana murmushi, ni kuma bakina ya saba da hanyarsa kamar tsohon doki. Na ji kaina ina cewa, "Minti ɗaya cif. Don Fausto yana da agogon zinariya, da shi yake aunawa." Agogon da ba a taɓa ƙera shi ba. Matar ta ji daɗi, har ta sa na maimaita. Ba wanda ya tilasta ni. Labarin ne ya fi daɗi a haka, ni kuma ina son tafi.

Da na koma kicin, kin riga kin mayar da rigar aiki har wuya. Kika miƙo mini ƙwai na gaba, kika ce, "Tebur na shida." Shekara goma muka ƙara tare, ba ki tayar da zancen ba, ni ma na lafe a bayan shirunki.

Watan jiya na je duba ki da la'asar, da niyyar neman gafara. Na zauna, na yi zancen gwiwata, na yi zancen cunkoson motoci a bakin iyaka. Kika bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan kika ce, "Har yanzu agogon zinariyar yana aiki?" Na sunkuyar da kai. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Kika ce, "Ni ban damu ba, tsoho. Yarinyar ce, Rosaura. Maƙwabta ta tara a ɗakinta, ta dafa musu abinci, ta ce su zo su ji sunan uwarta." Na buɗe baki, kika ce in miƙo miki ruwa. Na miƙa, na yi sallama, na fito da gafarata a aljihu ban nema ba.

Ubangiji ya jiƙan ki, Lala, ya ba ki hutawa madawwamiya, ya karɓi addu'o'in nan da kika yi dubu bisa dubu a kan tukunya. Ya ba ƙanenki Heriberto da jikokinki haƙuri. Ni kuma ya yafe mini abin da ban iya roƙa a gabanki ba.

Rosaura, ina yi miki ta'aziyya, ban kuma cancanci ki amsa ba. In akwai wanda ya rage cikin maƙwabtan nan, ki kira shi ki karanta masa: Eulalia Zazueta ce ta haɗa salak ɗin. Mai kai abincin nan, ƙarya ya yi.