Gwangwanayen Baba

A unguwar Ulaisha, can ƙasar da muka je ci-rani, na zauna ɗaki ɗaya da wani dattijo ɗan Maraɗi, mai gadi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Baba nake ce masa. Yana da ciwon suga, kuma ba ya karatu, sai likita ya sauƙaƙa masa: ya duba gaban kwali, in kore ne ya ci, in ja ne ya bari.

Baba ya riƙe maganar nan kamar alwala. Ya samu wani garin shayi mai tambari kore a baƙala, wato ɗan shagon layinmu, ya manne masa safe da yamma. Ba ya yar da gwangwanin, sai ya jera a kan taga. Ina tsokanarsa wai kanti zai buɗe.

Sai gyambo ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Ranar da za a kwantar da shi ya ce, "Yaro, in suka taɓa ƙafar nan, kafil, ubangidana, zai sallame ni. Wa ke son mai gadi gurgu?"

Wata Juma'a da azahar mukayyif ɗinmu mai sanyaya ɗaki ya mutu, ɗakin ya zama tanda. Ina kwance ni kaɗai, na ji wani ƙyas-ƙyas kamar ana sosa ƙarfe da farce. Na ɗauka ɓera ne. Da na waiwaya, ashe koren nan na jikin gwangwanayen sitika ce, zafi ya narkar da gam ɗinta. Ina kallo suna naɗewa da kansu, wannan bayan wannan, kuma ƙarƙashin kowace ja ne jawur.

Na kai gwangwani ɗaya wurin mai kemis, raina a ɓace. Ya jujjuya shi ya ce babu wanda ya yi ƙarya: jan da koren na ƙasashe biyu ne, ɗaya sugan da ke cikin garin shayin zalla take aunawa, ɗaya kuma na cokali guda cikin madara. Ya ce in riƙa karanta rubutun bayan gwangwani. To, wanda ba ya karatu fa?

Da yamma na je asibiti. Bargon ya kwanta shafal inda ƙafar hagu take a da. Baba ya kama hannuna ya ce, "Abincinsu ba daɗi. Gobe ka zo min da nawa, mai koren."